Haruffa Uku a Kan Allo

Ni mace ce mai baki, wannan ba sai wani ya gaya mini ba. Uwata ta faɗa, mijina yana faɗa, kuma duk firinsifal ɗin da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya faɗa a nasa lokacin. Sunana Faustina. Ina koyar da ilmin kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a bakin garin Kafanchan, inda muke da kwamfuta goma sha biyu, huɗu ne kawai ke tashi, su ma sai ranar da aka ga dama aka kawo wuta. Saboda haka yawancin kwamfutar da nake koyarwa da alli nake koyar da ita, a kan allo.

In kana koya wa yara arba'in abin da ba sa gani da ido, dole ka nemi dabarar hana su barci. Tawa dabarar ita ce tonon asalin kalmomi. Cuta ce da ni tun ina ɗaliba, ba na iya barin kalmar Turanci ta wuce ni ban tambayi uwarta da ubanta ba. Yara suna so. Ni ma ina jin daɗin yadda suke sakin baki suna kallona, wannan ba zan ɓoye ba.

Wata Talata, saura mako shida a fara jarrabawar WAEC, na shiga aji shida da darasin tsaron bayanai. Na rubuta cipher da manyan baƙaƙe a saman allo, a gefensa na rubuta da Turanci cewa hanya ce ta aika saƙo a asirce. Na yi musu bayani cewa ƙa'ida ce da ake bi a hargitsa saƙo yadda ba mai iya karanta shi sai wanda ke da mabuɗi, kuma duk wayar da ke aljihun iyayensu da ita take aiki. Suka rubuta, wasu na hamma. Sai na ce su ajiye biro, zan nuna musu cewa wannan kalma mai kwat da taye 'yar'uwar wata ce da suke faɗa kullum a cikin Hausa.

Na koma can hagun allo na fara jero zuriyar. Turawan Ingila sun karɓo ta daga Faransawa, masu cewa cifre. Faransawa sun samo ta daga Latin, cifra. Latin kuwa aro ta yi daga Larabci, sifr, wato wofi, lambar nan da ake zanawa kamar ƙwai. Larabawan ma a wajen masu lissafin Indiya suka koyi lambar, suka fassara sunanta da harshensu. Da kalmar ta isa Turai, da farko ma'anarta ke nan. Daga baya aka riƙa kiran kowace lamba da ita, kuma da yake masu ɓoye wasiƙa sukan musanya haruffa da lambobi, sai sunan ya bi rubutun asiri ya zauna. Na juyo na tambaye su, to wannan sifr ɗin, wadda ba ta nufi Turai ba, ta hau raƙumi ta ƙetaro Sahara tare da fatake da malamai, me ta zama a bakinmu?

Sai wata murya daga benci na biyu ta ce, "Sifiri, Ma."

Ajin ya kaure da ihu, wasu na buga tebur. Mai amsar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Zamzam ke nan, 'yar Malam Zakariyya, Bafulatanin da ya daɗe da zama yana noma a wani ƙauye kusa da Godogodo. Tana kwana a gidan goggonta a cikin gari, ranar Juma'a ta tafi gida. Tun da na fara koyarwa ban taɓa samun kai irin nata ba. Karatun kwamfuta take so ta yi a jami'a, kuma na rantse wa kaina sai ta yi. Ubanta ya kawo ta makarantarmu ne a kan rashin yardar 'yan'uwansa, kuma ya gaya wa firinsifal a gabana cewa zai bar ta muddin ba a jin sunanta cikin wata hayaniya. Shekara shida ba a ji ba. Mako shida kawai ya rage mata.

Da ihun ya lafa, wani daga baya ya ce, "Ma, kin rubuta na kowa da rubutunsa. Ina na Larabawa?"

Ban iya rubutun Larabci ba. Da na ce ban iya ba na wuce, da shi ke nan. Amma ajin ya yi zafi, kuma ina son a ga gwanata. Na miƙa wa Zamzam alli.

"Ma, a allo?" in ji ta.

"A ina kike so, a bango? Taso mana."

Ta tashi ba da son ranta ba. Hagun allo ya cika, don haka ta tsaya a dama, daidai ƙarƙashin inda na rubuta maganar saƙon asiri. Haruffa uku ta yi, da ɗigo ɗaya a saman na tsakiya. Aka tafa mata. Ƙararrawa ta kaɗa, na kwashi littattafaina na fita ina jin kaina a sama. Ban goge allon ba, don wannan aikin monitan ajin ne, shi kuma ashe da ya ga Larabcin sai ya ajiye dasta ya tafi gida bai goge komai ba.

Washegari ina ɗaura ɗankwali mijina ya miƙo mini wayarsa. Hoton allona ne, amma rabinsa. Babu Faransawa a ciki, babu Latin, babu Indiya. Abin da ke ciki shi ne rubutuna na saƙon asiri, da Larabci a ƙarƙashinsa, da bayan wata yarinya mai farin hijabi da alli a hannu. An rubuta a ƙasa cewa ga shi an fara koya wa 'ya'yan Fulani aika saƙon asiri a makarantar Kiristoci, kuma rubutun alama ce aka sa wa makarantar. Duk mai ɗa a can ya je ya ɗauko ɗansa.

Afiniki ce ta ɗauki hoton, ƙawar Zamzam da suke benci ɗaya. Ta shigo da waya a ɓoye, ta ɗauka don alfahari da ƙawarta, ta sa a WhatsApp. Wani kawunta ya gani ya tura gurup ɗin unguwa, daga nan kuma ba wanda ya san hannu nawa ya bi.

Kada wani ya ce mutanenmu wawaye ne. Makonni uku kafin nan an binne mutum tara rana ɗaya a wani ƙauye bayan tsauni, ana zargin Fulani, kuma har lokacin ba a kama kowa ba. Ni ma na je jana'izar, na yi kuka har muryata ta dishe. Mutumin da ya dawo daga irin wannan kabari, in ka nuna masa rubutun da ba ya iya karantawa, ba lissafi ne zai fara zuwa masa a rai ba. Na san haka sarai, amma duk da haka raina ya ɓaci ƙwarai.

Na tarar da iyaye a ƙofar makaranta suna jan 'ya'yansu. Firinsifal, Mista Kaleb, ya riga ya sa wa aji shida kwaɗo, mabuɗin na aljihunsa. Mutum ne gajere mai sanyin magana, irin wanda kan duba sama sau uku kafin ya yarda rana ta fito.

"Sa, ba ni mabuɗi in goge abin nan kowa ya huta," na ce.

"Ki goge da menene?"

"Da dasta mana."

Ya ja ni zuwa tagar ajin ya nuna mini dastar. Guntun soson tsohuwar katifa ne, yana yashe a ƙasa inda monita ya bar shi, da sawun takalmi a kansa.

"Madam Faustina, ki yi tunani kaɗan. Kirista ya ɗauki wancan ya goge Larabci. Kafin sha biyu labari ya kai kasuwa, an ce mun goge Alƙur'ani da abin taka ƙafa. Kin san abin da zai biyo."

"Ba Alƙur'ani ba ne, Sa. Sifiri ne."

"Kin iya karantawa? Ni ban iya ba. Duk malaman nan ba wanda ya iya. Maganar yarinya kawai muke da shi."

"To ita ta zo ta goge."

"Sai namu su ce mun sa ta ta goge shaida."

Ashe maganar ta riga ta ƙetara ɗaya gefen garin, inda Musulmi suke. Can kuma cewa ake an rubuta aya a allon makarantar Kiristoci an kulle ɗaki, ba a san abin da ake yi da ita ba. Mai gadinmu ya ce ya ga samari sun fara tsayawa a mashigar titinmu ta gabas, wasu kuma a ta yamma, kowa na kallon kowa. Haruffa uku ne, yaro ɗan shekara biyar zai share su da tafin hannu, amma manya arba'in da digiri sun rasa yadda za su yi.

Mista Kaleb ya yini a waya. Da la'asar ya kira ni ofis ya gaya mini shirin. Gobe Alhamis ƙarfe goma za a buɗe ajin a gaban iyaye da shugaban hukumar makarantar, Rabaran Azariya. Ni zan yi bayanin darasin. Wani dattijo Musulmi zai karanta rubutun, ya goge da hannunsa. Dattijon Malam Zakariyya ne, shi ya ce zai zo, amma ba wanda zai ce shi ne uban yarinyar.

"Hoton baya ne kawai," in ji shi. "Yara tara ke sa hijabi a nan. A waje ba wanda ya san wace ce. Malam ya ce in abin ya tsaya haka, za ta rubuta jarrabawanta. Saboda haka ba suna. Kin ji ni, Madam? Ko an zage ki, ba suna."

"Na ji, Sa. Ni yarinya ce?"

Ya dai dube ni.

Abin da ya fi ba ni mamaki yaran ajin ne. Su talatin da tara sun san wadda ta yi rubutun, kuma a gidaje an tsare su da tambaya, wasu har da bulala. Ba wanda ya faɗa. Wannan ya ce ya fita fitsari, wancan ya ce barci yake yi. Afiniki ta sha dukan uwarta har idonta ya kumbura, ta ce ita ba ta gane bayan mutum. Zamzam kuwa da sauran takwas ɗin an ce su zauna a gida.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara baranda ta cika. 'Yan sanda biyu na zaune a benci a bakin ƙofa. Da aka cire kwaɗon, manya suka shiga suka matsu a bencin yara, sauran suka cika tagogi, kuma kusan kowane hannu da waya a ɗage. Allon na nan yadda na bar shi. Mutane suka riƙa raɓewa nesa da gefen dama kamar wuta ce a wurin.

Rabaran Azariya ya buɗe da addu'a, ya roƙi Ubangiji ya ba mu kunnen jin juna. Malam Zakariyya na tsaye a gefe cikin farar riga da ta sha wanki, dogo siriri, hannuwansa a baya. Bai dubi kowa ba.

Na tashi na fara. Na bi zuriyar ɗaya bayan ɗaya da sanda, daga Ingila zuwa Faransa, daga Faransa zuwa Latin. Ban kai Indiya ba Madam Rosemary ta miƙe. Ita ce shugabar iyayen yara, tsohuwar nas ce, kuma ƙanenta na cikin mutum taran da aka binne. Har ranar baƙin ɗankwali ne a kanta.

"Malama, ba lacca muka zo ba," in ji ta. "Mun ga Faransa, mun gode. Wancan da ke can, yarinyan ya rubuta menene? Shi muke so mu ji."

Mista Kaleb ya yi wa Malam Zakariyya alama. Ya matso, ya dubi allon ɗan lokaci.

"Sifr," ya ce a hankali. "Sifiri ne, na lissafi. Ba aya ba ce, ba sunan Allah ba ne, ba sunan kowa ba ne."

Daga taga wani ya ce, "Nasu ne ai! Me kuke so ya ce?"

Surutu ya tashi. Wani ya bugi ƙyauren taga, 'yan sandan nan suka miƙe daga bencinsu. Madam Rosemary ta ɗaga hannu har aka yi shiru.

"Baba, ba raini ba," ta ce wa Malam Zakariyya. "Amma ba mu san ka ba. A cikin namu akwai wanda zai karanta mana?"

Ba wanda ya motsa. Can sai Rabaran Azariya ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya tashi da ƙyar kamar mai ciwon baya. Ya je gaban allon ya sa yatsa a dama, yana tafiya da shi hagu.

"Sad," ya ce. "Fa. Ra." Ya juyo. "An koya mana haruffan nan shekara ɗaya a makarantar tauhidi. Ban taɓa gaya muku ba don na san bakinku. Abin da dattijon nan ya faɗa, shi ne a rubuce. Sifiri ne. In kuna so ku ce Rabaran ma nasu ne, ga ni nan."

Wata mata ta yi dariya, irin wadda kan kuɓuce wa mutum bayan ya daɗe da riƙe numfashi, sai wasu suka taya ta. Madam Rosemary ta zauna a hankali, ta rufe fuska da hannu. Malam Zakariyya ya sunkuya ya ɗauki soson nan daga ƙasa. Mista Kaleb ya yi wuf ya miƙa masa sabon hankici, shi kuwa ya girgiza kai.

"Wannan ma ya isa. Lissafi ne."

Sau biyu ya shafa, haruffan suka tafi. Ya ajiye soson a kan tebur ya kakkaɓe hannu. Mutane suka fara miƙewa, ana neman jaka, ana gaisawa. Na ga Mista Kaleb ya ɗaga ido sama yana motsa baki. An gama. Da na ɗauki jakata a wannan minti na fita, da yanzu wani labari nake ba ku.

Sai mutumin nan na taga ya sake magana. Ban san shi ba, ban ma tabbata yana da ɗa a makarantar ba.

"To an goge. Yarinyan fa? Don me ana ɓoye shi? Irin su ba karatu ke kawo su ba. Ana turo su ne su ƙirga mu, su san ƙofa, su kai labari."

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba, kwana biyu ina haɗiye magana. Na ji Mista Kaleb ya ce "Madam," amma kamar daga wani gari.

"Kai wane ne?" na ce da ƙarfi. "Ka taɓa ganin takardarta? Yarinyar da kake zagi ita ce ta ɗaya a ajin nan shekara shida, ba ta taɓa yin ta biyu ba! Sunanta Zamzam Zakariyya, ba ta da abin ɓoyewa! Daga ƙauyensu a bayan Godogodo take zuwa neman ilmi, lokacin da 'ya'yan wasu ke kwance a gida!" Na faɗi sunan ƙauyen ma, har da kwatance. "Kuma ga ubanta nan tsaye, mutumin da ya taso tun safe ya zo ya goge muku allo don ku yi barci. Ka dube shi ka maimaita abin da ka ce!"

Mutumin ya janye kansa daga taga. Wasu mata suka tafa, wani ya ce, "Gaya masa, Malama!" Daɗi ya kama ni, wallahi ya kama ni, na ji kamar na ci kofi. Sai na juya na ga Mista Kaleb ya zauna a bencin yara ya dafe kai. Na ga Afiniki a bakin ƙofa da kumburarren idonta, ta saki baki tana kallona. Sannan na ga wayoyin, sun fi talatin, duk suna fuskantata.

Malam Zakariyya ya gai da Rabaran, ya gai da Madam Rosemary ya yi mata ta'aziyyar ƙanenta, ya fita.

Ƙarfe biyu Mista Kaleb ya aiko a kira ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Wayarsa kawai ya juyo mini. Bidiyon daƙiƙa goma sha huɗu ne. Babu Rabaran a ciki, babu sifiri, babu gogewa. Ni ce kawai, jijiyar wuya a tashe, ina faɗin suna da sunan uba da sunan ƙauye, ina nuna dattijo da yatsa. A ƙasa an rubuta cewa asiri ya tonu, ga sunan yarinyar da inda suke.

"Zamzam da ubanta suna aji," in ji shi. "Sun zo kwashe littattafai."

Na tafi da gudu. Zamzam na durƙushe gaban tebur ɗinta tana zuba littattafai cikin buhu, Afiniki na taya ta tana kuka. Ubanta na tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, don Allah," na ce. "An wanke ta. A gaban kowa aka wanke ta, ka gani da idonka."

"Na gani, Malama. Waɗanda suka zo sun ji." Muryarsa ba fushi a ciki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. "Wanda zai kalli abin nan a wani gari bai zo ba. Shi suna kawai zai ji, da hanya."

"Mako shida ne. Ta zauna a gidana, ni zan kai ta in dawo da ita. Ko ƙofa ba za ta leƙa ba."

"Gidanki ma yanzu an san shi," in ji shi. "Ina da ƙannenta biyar a gida, da uwarsu, da tsohuwata da ba ta iya gudu. Jiya bayan wata yarinya ne a hoto. Yau ƙofar gidana ce. Gobe za ta tafi wajen kawunnanta a ƙasar Bauchi, sauran kuma in ga yadda zan yi da su."

"Jarrabawar a nan aka yi mata rajista, Malam. Ba a mayar da ita wani wuri."

"Na sani."

"Kare ta nake yi," na ce, kuma na ji yadda maganar ta fito ba ƙarfi.

"Na san da alheri kika yi. Shekara shida kina mata alheri, ban manta ba. Yaran nan ma sun yi mata." Ya dubi Afiniki. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Na durƙusa a gabansa a kan simintin ajin, ni da ban taɓa durƙusa wa firinsifal ba. Ya kau da kai, ya ce in tashi don Allah, ba kyau. Ya ɗauki buhun ya fita wajen mashin ɗinsa ya fara ɗaurewa da roba.

Zamzam ta tsaya a gabana tana gyara hijabi. Ba ta yi kuka ba. Na so ta zage ni, ko ta harare ni, ko ta wuce ba ta kula ni ba.

"Ma," ta ce, "in mutum bai rubuta bana ba, ana bari ya rubuta baɗi?"

"Ana bari," na ce. "Sosai ma."

Gaskiya na faɗa mata, ana bari. Abin da ban faɗa ba shi ne, 'yan mata huɗu na gani sun bar makarantar nan a irin wannan tafiya, kowacce da niyyar baɗi, kuma ba wadda na sake jin labarinta.

"To na gode, Ma," in ji ta. Ta ɗan rusuna, ta fita ta hau bayan ubanta.